Makarantar Da Yaro Yake Koyo Da Kansa: Abin Da Manoman Kolombiya Suka Gwada

'Yan'uwa manoma, a ƙauyuka da dama makarantar firamare tana da aji shida, amma malamanta biyu ne ko uku. Malami yana tsaye a aji ɗaya, sauran azuzuwan suna zaune suna jira. In damina ta sauka, uba yana bukatar hannu a gona, sai ya janye yaro mako biyu ko uku. Da kaka ma haka. Sa'ad da yaron ya koma, 'yan ajinsu sun yi nisa, ba ya gane abin da ake yi. Ƙarshen shekara ya fāɗi jarrabawa, ko kuwa a tura shi gaba alhali bai iya karatu ba. Daga nan yaro ya gaji, uban ma ya ce makarantar ba ta da amfani.

Ba mu kaɗai muka sha wannan wahala ba. Akwai wata ƙasa a Amurka ta Kudu, sunanta Kolombiya. Ƙasa ce mai duwatsu, manomanta da yawa kofi suke nomawa. Makarantun ƙauyukansu sun yi fama da irin damuwarmu, har suka sami wata dabara. Dabarar ita ce a shirya aikin makaranta yadda yaro zai iya ci gaba da koyo da kansa, shi da 'yan'uwansa, ko malami yana kusa ko yana wani aji. Bari mu duba yadda suka yi, mu ga abin da za mu iya ɗauka.

Daga ina tunanin ya fito?

Koyarwar da yawancinmu muka sani ita ce malami ya tsaya gaban allo ya faɗa, yara su maimaita da murya ɗaya, sa'an nan su kwafa cikin littafi. A wannan hanya malami ne yake yin aikin duka. In ya fita, koyo ya tsaya.

Tun da daɗewa waɗansu masana suka ga wannan bai isa ba. A shekarar 1896 wani malami Ba'amurke, John Dewey, ya buɗe makarantar gwaji a birnin Shikago. A can yara suna dafa abinci, suna saƙa, suna sassaƙa, suna shuka a lambu, cikin waɗannan ayyuka kuma suke koyon awo da lissafi da rubutu. A shekarar 1907 wata likita, Maria Montessori, ta buɗe gidan koyon yara a wata unguwar matalauta ta birnin Roma, ƙasar Italiya. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayin yara, ta ajiye kayan koyo inda hannunsu zai kai, ta bar kowane yaro ya zaɓi aikinsa ya yi ta maimaitawa har ya iya. Ta lura yaron da ya sami aikin da ya dace da ƙarfinsa yakan natsu ba tare da tsawa ba.

Manomi ba zai yi mamakin wannan ba. Ba wanda ya koyi huɗa ta wurin sauraron jawabi. An ba ka 'yar fartanya, ka bi bayan babanka, ka ɓata kunya ɗaya ko biyu, aka gyara maka, har hannunka ya faɗa. Gani ya kori ji, yi kuma ya fi gani.

Amma makarantun Dewey da Montessori a birni suke. Abin da mutanen Kolombiya suka yi shi ne suka kai wannan tunani ƙauye, inda ba kuɗi, malami kuma ɗaya ne.

Yadda aka fara

A shekarar 1975 mutum uku suka haɗa kai: Vicky Colbert, da Beryl Levinger, da wani malamin ƙauye mai suna Óscar Mogollón. Suka ba shirin suna Escuela Nueva, watau Sabuwar Makaranta da harshen Sifen, harshen da ake yi a ƙasar. A lokacin, makarantun ƙauye da yawa ba sa kai yara ƙarshen firamare, wadda a can aji biyar ce, domin malami ɗaya ba ya iya riƙe azuzuwan duka.

Ba su jira gwamnati ta aiko da malami biyar ga kowane ƙauye ba. Tambayar da suka yi ita ce: da malamin nan ɗaya da muke da shi, yaya za a yi kowane yaro ya sami aikin yi dukan yini?

A shekarar 1978 makarantu wajen 500 suna bin shirin. A 1985 sun kai wajen 8,000, gwamnati kuma ta karɓe shi ya zama hanyar koyarwa a ƙauyukan ƙasar. A 1989 sun kusa 18,000.

Littafin jagora

Gishirin shirin shi ne wani irin littafi da suke kira jagorar koyo. Littafin karatu da muka saba da shi yana ba da bayani ne kawai, sai malami ya zo ya fassara. Jagorar koyo kuwa da yaron take magana kai tsaye. Tana ce masa: yi wannan kai kaɗai, yanzu ku tattauna da na kusa da kai, yanzu ku fita waje ku auna, yanzu ku kira malami ya duba.

Kowane darasi kashi uku ne. Na fari, yara su fara da abin da suka riga suka sani, su gano sabon abu. Na biyu, su gwada shi sau da yawa har ya zauna. Na uku, su kai shi gida ko gona, su yi aiki da shi tare da iyayensu.

Ga misali, yadda irin wannan darasi zai kasance in an rubuta shi domin yaranmu na aji biyar. A ce ana so su koyi lissafin kashi cikin ɗari.

Kashi na fari: Ku zauna ku huɗu. Kowa ya faɗa ko ya taɓa ganin an shuka iri ya ƙi fitowa. Me iyayenku suka ce ya jawo haka? Ku rubuta amsoshinku.

Kashi na biyu: Ku ƙirga ƙwayar masara 100. Ku jera su a kan jiƙaƙƙen tsumma ko buhun algarara, ku naɗe, ku ajiye a inuwa. Kowace safiya ɗayanku ya yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 ku buɗe ku ƙirga waɗanda suka tsiro. In 85 ne, watau kashi 85 cikin ɗari. To, in da ƙwaya 200 kuka sa, nawa kuke tsammani za su tsiro? In 50 ce fa? Ku nuna wa malami lissafinku.

Kashi na uku: Ka roƙi babanka ko mamarka ƙwaya 100 daga irin da aka ajiye domin shukar bana. Ka yi gwajin a gida, ka gaya musu abin da ka samu.

Ku duba abin da ya faru. Yaran sun karanta umarni, sun yi magana, sun ƙirga, sun rubuta, sun yi lissafi. Malami ya zo wurinsu sau biyu ko uku kaɗai. Uban kuwa ya san ko irinsa mai kyau ne tun ruwa bai sauka ba. In rabi ne kawai ya tsiro, ya sami lokacin neman wani iri kafin ya yi asarar shuka.

A Kolombiya ba kowane yaro ake saya wa jagorar ba. Yara biyu ko uku suke haɗuwa a kan ɗaya, ba a rubutu a ciki, littafin na makaranta ne, 'yan baya kuma su gāje shi. Ta haka kuɗin ya yi sauƙi.

Zaman aji

Ba a jera benci ana fuskantar allo. Yara suna zama ƙungiya ƙungiya kewaye da tebur, suna duban juna. Wanda ya gane yana taimakon wanda bai gane ba, shi ma garin bayani sai abin ya ƙara zauna masa. A kusurwoyin ɗakin akwai wuraren ajiye kayan koyo: nan na lissafi, can na kimiyya, can na harshe. Yawancin kayan yara da iyaye ne suke tarawa, kamar duwatsu, da iri, da ganye, da igiyar awo. Akwai kuma ɗan akwatin littattafai da ƙamus, domin yaro ya saba da neman amsa da kansa.

Yaron da ya tafi girbi

Wannan shi ne abin da ya fi shafarmu. A Kolombiya ma yara sukan bar makaranta lokacin tsinkar kofi. A tsohuwar hanya, wanda ya yi makonni ba ya nan sai ya maimaita shekara ɗungum. A Sabuwar Makaranta aikin shekara a yanke yake gida gida, kowane yaro kuma yana da takardar da ake sa alama in ya gama kashi ɗaya malami ya duba. In ya tafi girbi yana kashi na bakwai, in ya dawo daga na bakwai zai tashi. Ba ya jiran ƙarshen shekara kafin ya wuce gaba, ba a kuma tura shi gaba kafin ya iya. Mai sauri ya yi sauri, mai nawa ya bi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada wani ya ji wannan ya ce an ba shi izinin riƙe yaro a gona dukan damina. Yaron da ya yi kwana da yawa a waje zai daɗe bai gama firamare ba. Abin da shirin ya kawar shi ne kunya da karayar zuciya da suke sa yaro ya ƙi komawa gaba ɗaya.

To, mene ne aikin malami?

Waɗansu za su ce malami ya huta ke nan. Ko kusa. Yana zagawa daga tebur zuwa tebur, yana sauraro, yana tambaya, yana duba aiki. Yaran da suka iya karatu suna bin jagora, shi kuwa ya sami lokacin zama da ƙananan 'yan aji ɗaya, waɗanda ba su iya ba tukuna. Wannan muhimmi ne ƙwarai. Yaron da bai iya karatu ba ba zai iya bin umarni a rubuce ba. Tilas a koya masa baƙaƙe da haɗa su baki da baki, cikin harshen da yake ji, kafin a sake shi ga littafi.

Malaman ma ta hanyar yi aka horar da su. An zaunar da su kewaye da tebur, suka bi jagora kamar yadda yara za su bi. An kai su makarantun da shirin ya riga ya kafu, suka gani da idonsu. Bayan haka malaman ƙauyukan da ke kusa da juna sukan taru wajen sau ɗaya a wata, kowa ya kawo abin da ya gagare shi, a yi shawara. Daidai yake da taron ƙungiyarmu na wata wata, ko ziyarar gonar gwaji.

Ina batun ladabi?

Dattawa za su yi tambaya, suna da gaskiya kuma: yaron da aka saba masa da yin magana a aji da yin tambaya, ba zai raina manya ba?

A Sabuwar Makaranta ba a bar yara su yi abin da suka ga dama ba. An ɗora musu nawaya ne. Yara suna zaɓen shugabansu da mataimakinsa ta ƙuri'a. Akwai kwamitin lambu, na tsabta, na littattafai, na wasanni, kowane yaro yana cikin ɗaya. Da safe kowa da hannunsa yake sa alamar zuwansa a takardar da ke jikin bango. Akwai akwatin da ake jefa shawara. Yaron da aka danƙa wa mabuɗin akwatin littattafai, ya san za a tambaye shi, yana koyon riƙon amana. Gobe shi ne ma'ajin ƙungiya ko magatakardan ekklesiya. Mu da muka sha wahalar neman wanda zai riƙe littafin kuɗin ƙungiya da gaskiya, mun san darajar wannan.

Tambaya kuma ba rashin kunya ba ce. Cikin Bishara ta hannun Luka mun karanta yadda aka sami Ubangiji Yesu a Haikali yana da shekara goma sha biyu, zaune tsakanin malamai, yana sauraronsu yana kuma yi musu tambayoyi. Wurin nan kuma ya nuna ya koma gida ya yi biyayya ga iyayensa. Sa'ad da ya soma koyarwa, da shuka da ƙasa da zawan da tumaki yake ba da misali, sau da yawa kuma da tambaya yake rufewa, ya bar mai ji ya yi tunani.

Hannun iyaye da manoma

Shirin bai tsaya a bakin ƙofar aji ba. Malami da yara da iyaye suna zana taswirar ƙauye, a nuna gidan kowane yaro. Suna rubuta kalandar noma, watau watan share gona, da na shuka, da na girbi, domin malami ya san lokacin da yara za su ragu, ya kuma ɗauko darasi daga aikin da ake yi a lokacin. Akwai littafin rubutu da yake yawo gida gida, kowane iyali su sa labari, ko waƙa, ko wata dabarar da suka gāda.

A lardin Kaldas, inda ake noman kofi sosai, kwamitin manoman kofi ya shiga tallafa wa shirin tun shekarar 1982, tare da gwamnatin lardin. Sun taimaka da littattafai da horon malamai, daga baya har aka sa noman kofi cikin darussan yara. Manoman sun gane cewa yaron da ya iya karanta umarni ya bi shi daidai, shi ne zai iya karanta takardar maganin feshi, ya auna taki, ya lissafta riba da fāɗuwa.

Shirin ya yi amfani?

An auna. Wani bincike da aka buga a 1993 ya nuna 'yan aji uku na Sabuwar Makaranta sun fi na sauran makarantun ƙauye maki a harshe da lissafi. A 1998 hukumar UNESCO ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi a ƙasashen yankin, aka ga yaran ƙauyukan Kolombiya sun fi na garuruwan ƙasar maki, in ban da manyan birane. Wannan abin mamaki ne, domin kusan ko'ina yaran ƙauye ne suke baya.

Amma akwai gargaɗi. Cikin shekarun 1990, da aka mayar da ikon makarantu hannun ƙananan hukumomi, an yi ta canja wa malaman da aka horar wurin aiki, aka kawo waɗanda ba su san hanyar ba. A wurare da yawa sunan ya rage, aikin ya yi rauni. Ƙasar Biyetnam ma ta ɗauki shirin a 2012 a makarantu fiye da 1,400. Binciken Bankin Duniya ya nuna yara sun amfana, duk da haka a waɗansu larduna iyaye suka yi kuka har aka dakatar da shi. Yara sun yi yawa a aji, malamai ba su shirya sosai ba, ba a kuma fahimtar da iyaye tun da fari ba.

Darasin a fili yake. Juya benci kaɗai ba ya koyar da kowa. Sai da takardar aiki mai kyau, da malamin da aka horar aka kuma bar shi a wurin, da iyayen da suka gane abin da ake yi. In ɗaya ya ɓace, tukunya ba ta zama a kan murhu biyu.

Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi

Manufar ilimi ta ƙasar Nijeriya, wadda ta fara fitowa a 1977, ta riga ta ce aikin makaranta ya dogara a kan mai koyo. Saboda haka ba baƙon abu muke roƙo ba. Ba mu da ikon canja tsarin karatu na gwamnati, amma ga abubuwa shida da suke hannunmu:

1. Ku aiki mutum biyu, namiji da mace, su gai da hedimasta, su tambaye shi: aji nawa, malami nawa, a waɗanne watanni yara suke raguwa? Ku je da niyyar taimako. Kada ku je da ƙara.

2. Ku zauna da malamai ku rubuta kalandar noman ƙauyenku, a manna ta a bangon makaranta. Ku roƙa a riƙa rubuta inda kowane yaro ya tsaya kafin ya tafi aikin gona, domin ya tashi daga nan in ya dawo.

3. Daga ribar ƙungiya, ko daga gonar gayya, ku sayi akwati mai kwaɗo da littattafan karatu na Hausa da na Turanci. Ku bar yara su zaɓi wanda zai riƙe mabuɗi.

4. Ku nemi malamin da ya yi ritaya, ko matasan ekklesiya da suka gama kwalejin horon malamai, su rubuta takardun aiki masu kashi uku irin na gwajin iri da muka gani. Goma sun isa farawa. A gwada su da yara, a gyara inda suka rikice.

5. Ku ba makaranta ɗan fili da iri, ku bar kwamitin yara ya riƙe lissafinsa. Lambun ya zama wurin awo da ƙirga da rubutu. Kada ya zama wurin horon mai laifi, kada kuma ya zama gonar wani babba.

6. Ku fara a inda ba sai kun nemi izinin kowa ba, watau makarantar Lahadi da ajin yaƙi da jahilci. A raba yara huɗu huɗu, a ba su tambaya, a bar su su nemi amsa kafin malami ya yi magana.

A makarantar gwamnati, duk abin da za ku yi ku yi shi tare da sauran iyayen ƙauye, Kirista da Musulmi, ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai. Makarantar ta kowa ce, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka.

A gida ma akwai abin yi. In yaro ya dawo, maimakon ka tambaye shi ko an buge shi yau, ka ce ya nuna maka abin da ya koya. Ka ba shi rasiɗin taki ya karanta maka. Ki sa yarinyarki ta lissafta kuɗin gyaɗar da kika sayar. In sun yi kuskure, a bar su su sāke gwadawa kafin a faɗa musu amsa.

Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta wannan a taron wata mai zuwa, a tattauna, a zaɓi abu ɗaya cikin shidan nan a fara da shi kafin damina. Ƙungiyar da ta gwada ta rubuto mana abin da ta gani, mai daɗi da marar daɗi, domin sauran su ƙaru.

Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa a hannunmu. Amin.